Baffa Ya Sauka Daga Bayana

Wata goma sha huɗu jikana Baffa ya yi a duniya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasar tsakar gidanmu ba, kuma ni ce na hana. Da shi nake shara, da shi nake tankaɗe, da shi nake zuwa barka da gaisuwar mutuwa, yana goye kansa a kwance tsakanin kafaɗuna. Ba na sauke shi sai in zai sha nono, ko zan yi salla, ko barci ya kwashe ni. Matan layinmu a Madabo har suka laƙaba mini suna mai jego, ni da na ba sittin baya. Ban taɓa jin haushin sunan ba, daɗi ma yake yi mini.

Sunana Fatsuma, amma Ya Fatsuma ake kirana, saboda kakanninmu daga Barno suka zo. Kada wani ya gwada ni da Barbarci, gaisuwa biyu na iya, daga nan sai murmushi. Abin da ya rage a hannunmu na can shi ne haɗa turaren wuta da humra, kuma a wannan kam ban yarda akwai wadda ta fi ni a cikin birni ba.

Baffa bakwaini ne. Kwana ashirin da uku ya yi a kwalba a asibiti, shawara kuma ta kama shi har idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Ranar da aka kawo shi gida na karɓe shi, sai na ji kamar zanin kawai aka miƙo mini. Aka sa masa sunan marigayi maigidana, saboda haka ba za ku ji sunan yankansa a bakina ba. Baffa muke ce masa. Ni kuma nakan kira shi angona, ina tsokanarsa wai wane irin ango ne wannan, ba haƙori ba cefane.

Mahaifiyarsa ita ce Bahijja, matar ɗana Yusuf mai wankin hula a bakin kasuwar Kurmi. A hannun kakarta ta tashi, a wani ƙauyen Fulani gaba da Dambatta, ta zo mana da kunyar ɗan fari irin wadda na ɗauka ta ƙare a duniya. Ba ta faɗin sunansa, ko Baffan ma ba ta faɗa, sai dai ta ce yaron nan. Ba ta yi masa wasa. In zai sha nono sai ta karɓe shi kanta a sunkuye ta shige ɗaki ta saki labule. In ya yi kuka da mutane a gidan, nan take wani aiki zai taso mata a kicin. Ni kuwa abin ya yi mini. Duk wadda ta zo sayen turare sai na ba ta labarin surukata, ina cewa 'yan matan yanzu ɗan fari a waya suke nuna wa duniya, tawa kuwa ko kallonsa ba ta yi. Da wannan na samu yaro ya zama nawa ni kaɗai, ba mai ja da ni.

Wata shida ya wuce, bakwai ya wuce, Baffa bai zauna ba. Na sa shi a baho na kewaye shi da tsummokara kamar yadda na yi wa 'ya'yana shida, sai ya zube gefe kamar buhun da ba a cika ba. Na ce ai bakwaini ne, a hankali zai yi. Da ya shekara sai na koma cewa gadon nauyin ƙashi ne, haka ubansa ya yi. Ƙarya nake, Yusuf yana wata goma ya fara ɓarna a gidan nan da ƙafarsa. Na karɓo rubutu, na shafa masa man kaɗanya safe da yamma. Sannan na mayar da shi bayana na tamke da majanyi. Yau zan iya faɗin abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Tsoro nake ji, kuma in yana bayana babu wanda zai ga ba ya zama.

Wata Asabar bayan la'asar wata mata ta yi sallama, ta ce daga Ayagi take, an kwatanta mata gidana, tana son turare da humra na bikin ƙanwarta. Ta ce sunanta Aminat. Ba za ta wuce talatin da 'yan kai ba. Na jero mata kwalabe tana buɗewa tana shinshinawa, amma na lura hancinta ne kawai a wurin turaren, idonta yana bayana. Ta tambayi watanninsa, na faɗa. Ta tambaya ko yana zama, na ce bakwaini ne. Ta ce ko an cire wata biyun da ya riga zuwa, tana son ta gan shi a ƙasa in ba zan damu ba. Na damu, har fuskata ta nuna, amma baƙuwa ce a gidana, sai na kwance shi.

Ta nemi ruwa ta wanke hannu, ta shimfiɗa gyalenta a kan tabarma ta kwantar da shi rigingine. Ta kama hannuwansa ta ɗago shi a hankali, jikin ya taso, kan ya tsaya a baya yana lilo. Ta juya shi rub da ciki, fuskarsa ta nutse a gyalen, yana ta ƙoƙari ya kasa ɗagowa. Sai matar nan, da atamfarta mai kyau, ta kwanta a ƙasa ta kai fuskarta daidai tasa tana yi masa magana. Ya ɗago kaɗan ya dube ta, kan ya sake faɗuwa. Da ta tashi ta gaya mini aikinta ke nan a asibiti, a ɓangaren motsa jikin yara, wanda suke ce wa fisiyo, kuma ranar Talata suke ganin irin su Baffa.

Ta ce, "Ya Fatsuma, ba ku makara ba. Amma don Allah kada ku ƙara jira."

Bayan ta fita na yi ta sababi ni kaɗai. Yarinyar da na haifi wanda ya girme ta, ta zo sayen turare ta ɓige da koya mini raino. Takardar zuwa asibiti da ta rubuta ta bar mini na cusa ta ƙarƙashin kwalaben humra. Talata biyu suka wuce tana nan.

Abin da ya karya ni ɗiyar maƙwabciyata Binta ce. Yarinyar nan da hannuna na yi mata wankan farko, kuma Baffa ya ba ta wata biyar. Suka shigo wata safiya, Binta ta ajiye ɗiyar a ƙasa muna hira. Sai ta rarrafo ta kama zanina ta miƙe tsaye, ta kai hannu ta ja ƙafar Baffa da ke reto a kwiɓina. Binta ta yi dariya, sai kuma ta haɗiye dariyar ta kama gyara ɗankwali. Wannan shirun nata ya fi mini zagi ciwo. Da Yusuf ya dawo daga masallaci bayan magariba na miƙa masa takardar. Ya karanta, sannan ya ce shi ma abin ya jima yana cin sa, amma yaro yana hannuna, ga shi ɗan fari, bai san ta inda zai fara ba. Ashe mu uku ne a gida ɗaya kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa abu ɗaya.

Ranar Talata muka hau a-daidaita-sahu ni da Bahijja, muka sauka a Shahuci muka ƙarasa da ƙafa. Tun a wajen yankar kati muka fara ba mutane dariya. Mai rubutu ya tambayi sunan yaro. Na yi shiru, don sunan mijina ne. Ya dubi Bahijja, ta sunkuyar da kai, don ɗanta na fari ne kuma sunan surukinta. Mutumin ya ajiye biro ya ce shi fa layi yana jiransa. Da ƙyar na tuna da katin rigakafi a jakata, na miƙa masa ya kwafa. Wata mata a bayanmu ta ce kai, ashe har yanzu ana yi.

Likita ya duba shi, aka gwada jinsa da ganinsa aka ce lafiya lau, ƙarfin jiki ne bai zo masa a kan lokaci ba. Daga nan aka tura mu ɗakin su Malama Aminat. Ɗaki ne mai faɗi, an shimfiɗe shi da katifu marasa kauri, ga madubi a bango, ga wasu manyan ƙwallaye. Na ga iyaye da yara 'yan shekara biyar, shida, ana saɓe da su a kafaɗa, gabana ya faɗi. Malama Aminat ba ta yi mini gorin Talata biyun nan ba, ta dai ce sannunmu da zuwa. Tambayar farko da na yi mata ita ce ko goyona ne ya jawo. Ta ce ba shi ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne, zuwan wuri da rashin lafiyar jarirantaka sukan bar wa yaro irin wannan. Goyo yana da kyau, in ji ta, amma a baya ba ya koyon ɗaukar kansa, ni nake ɗauke masa. Yanzu jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suke ginuwa, abin da aka koya masa a wannan shekarun shi ya fi kamawa.

Ba ta rubuta mana magani ko ɗaya ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Zanina ta karɓa ta naɗe shi ta sa masa a ƙarƙashin ƙirji yana rub da ciki. Ta nuna yadda za a zaunar da shi tsakanin ƙafafu a riƙe ƙugunsa, ba hammata ba. Ta ce a sami murfin kwano mai ƙyalli, ko gorar roba da 'yan tsakuwa a ciki, a ajiye gefe don ya miƙa hannu. A kan komai kuma a yi masa magana, fuska da fuska, a kira sunansa. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, a ƙasa mai tauri, mu dawo duk sati biyu. Ta tambayi ina mahaifiyarsa, na nuna bakin ƙofa, inda Bahijja take tsaye tana karanta wata takarda a bango kamar rakiya ta yo. Malama Aminat haifaffiyar Kano ce, ta gane. Ba ta kira ta ba. Sai dai ta gyara zama ta fuskanci ƙofar, ta sake yin komai daga farko da murya mai ƙarfi, har na ce a raina yarinyar nan ta ɗauka kurma ce ni.

Muka dawo gida na ce ni zan yi, ai angona ne. Na manta shekara huɗu ke nan a kan kujera nake salla saboda gwiwa. Ranar farko na sauka kan tabarma lafiya, amma tashi sai da Bahijja ta kama ni ta wannan gefe, na dafa turmi ta wancan. Ga shi da na kifa shi sai kuka, ni kuwa kukan Baffa ba na iya jure shi ko na minti ɗaya. Sau shidan nan ya koma sau biyu, ya koma sau ɗaya a kan gadona mai laushi, wata rana ma sai dai niyya. Duk Talatar da muka je gabana yana faɗuwa, ina jiran faɗa.

Faɗan bai zo ba. A zuwanmu na uku Malama Aminat ta ɗago shi, kan ya biyo jiki. Ta kifa shi, ya kafa gwiwar hannu ya ɗago ya dubi kansa a madubi. Ta ce madalla, lalle ana aiki a gida. Na ce ai muna ƙoƙari. Na karɓi yabon nan ba kunya, na dawo da shi gida yana damuna, don na san abin da na yi bai kai ya kawo wannan ba.

Na dai lura shan nonon Baffa ya ƙara tsawo. Da can minti kaɗan Bahijja za ta fito da shi ta ajiye mini, yanzu sai in gama juya tukunya guda ba su fito ba. Har nakan ɗaga murya in ce wai angon nan ba ya ƙoshi ne. Wata rana bayan azahar na ɗan kishingiɗa, barcin bai zo ba, na tashi in karɓo shi. Ina isa bakin labulenta na ji wata murya da ban sani ba a gidan nan, ana waƙa ƙasa-ƙasa da Fillanci. Na leƙa ta gefen labulen.

Bahijja ce kwance rub da ciki a kan leda, ɗankwalinta ya zame, ta ɗora haɓa a kan hannuwanta, hancinta ya kusa taɓa nasa. An naɗe zani a ƙarƙashin ƙirjinsa daidai yadda aka nuna, ga murfin samira a gefe.

Tana cewa, "Baffana, ɗago ka gan ni. Ɗago mana, ɗan albarka. Ga ni nan."

Ya ɗago, ya tsaya a kan hannuwansa yana rawa, ya dube ta ya ƙyalƙyale da dariya har yawu yana zuba. Ban taɓa jin wannan dariyar ba. Ni ƙeyata ya sani, ƙeyar nan yake gani tun safe har dare. A take na gane takardar bangon nan ba karanta ta take ba, na gane kuma ba don kunnena Malama Aminat take ɗaga murya ba. Kunya ta kama ni, kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi yawa a ƙirjina godiya ce ga yarinyar nan da take satar ɗanta a hannuna don ta taimake shi. Na koma da baya a hankali, ina roƙon gwiwata kada ta yi ƙara.

Na kwana biyu ina tunanin abin yi. In na ce mata na gani, kunya za ta sa ta daina, ko ta kasa haɗa ido da ni har abada. Sai na ƙirƙiro wa kaina yawo. Da hantsi in ajiye shi a kan tabarma in ce bayana yana ciwo, zan leƙa gidan Binta. Bayan la'asar in ce zan kai saƙon turare Ƙofar Mazugal, ko da saƙo ko babu. In na kai soro sai in ɗaga murya in ce na fita, zan jima. In zan dawo kuwa tun daga waje nake fara sallama, ina jan takalmi, ina tarin da babu shi. Uwar mijin Binta har ta ja ni gefe ta tambaye ni ko faɗa muka yi da surukata, na ce iska nake sha. Zaman nan bai yi mini sauƙi ba. Bayana sai in ji shi fayau, sau da yawa sai na kai titi nake ganin na ɗaura majanyi a kan ba kowa.

Wata biyu muna haka, ba wadda ta ce wa 'yar uwarta komai. Ran nan na dawo da yamma, na gama tarina da jan takalmina na shigo, sai na ga tabarma a tsakiyar tsakar gida, inda ba a saba shimfiɗa ta ba. Baffa yana kai a zaune. Ba baho, ba matashi, ba hannun kowa. Ya kafa hannuwansa a gaba yana ɗan tangaɗi, ya ɗago yana kallona. Uwarsa tana kicin tana ta buga tukwane kamar ba ta san da shi ba, alhali ita ta dasa shi a nan don in tarar. Na nemi kujerata na zauna na yi kuka mai isata. Daga kicin ɗin ma na ji ana jan hanci, amma albasa aka ɗora wa laifi.

Talatar da ta biyo baya Malama Aminat ta yi murna har da tafi. Sannan ta aiki Bahijja karɓo kati, ta matso kusa da ni. Ta ce abin da ke gaba rarrafe ne, shi kuma ba a koyon sa a ƙuryar ɗaki a sace. Yana son fili, yana son mai bin sa a ƙasa duk yini, wajen wanka, wajen cin abinci, ko da baƙi ko babu.

Ta ce, "Na san mai aikin nan tun tuni, ke ma kin sani. Ni ba zan iya ce mata ta daina kunya ba, ba ni take yi wa ba."

Na ce na ji. Muka kamo hanyar gida.

Washegari da safe, bayan Yusuf ya fita, na kira Bahijja. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofata kamar kullum. Na shirya magana mai tsawo, amma da na gan ta sai ta gudu, abin da ya rage kaɗan ne.

Na ce, "Bahijja, kunyar nan ni kike yi wa. Na gani, na gode, Allah ya yi miki albarka. Daga yau na yafe ta. Ki fito da ɗanki tsakar gida, ki kira sunansa ina ji."

Ta kama zanen ƙasa da yatsa, hawaye yana ɗiga a kan hannunta. Can ta ce, "Inna, mutane fa?"

Na ce mutane ta bar ni da su.

Ba a rana ɗaya ta saba ba. Da farko in ina wurin muryarta ba ta fita, sai ta juya mini baya. Ni kuma sai in duƙufa a kan turarena kamar ban san ana yi ba. A hankali aka wayi gari surukata mai kunyar nan tana rarrafe a tsakar gida, gwiwa da hannu, Baffa yana kallonta yana dariya. Yusuf ya kawo wani ɗan benci daga wurin kafinta don yaro ya riƙa dafawa, shi ma in ya dawo sai ya tuɓe hula ya sauka ƙasa. Mutanen kuwa sun zo. Hajiya Hauwa, wadda ta fi kowa jin yabon surukata a bakina, ta shigo sayen humra ta tarar da su, ta riƙe haɓa ta tambaye ni ina kunyar da nake ba su labari. Na ce mata tana nan, na zuba a kwalba na toshe, ranar da yaro ya tashi da ƙafarsa sai a buɗe a ci gaba. Ba ta sake tambaya ba, kuma humrar ta saya.

Malama Aminat na rasa abin da zan yi mata. Na haɗa turare na musamman, wanda ba na sayarwa, na kai mata. Ta ce ba ta karɓar komai a wurin aiki, na ce ai ba ita na kawo wa ba, ɗakin na kawo wa, yana warin roba. Ta yi dariya ta karɓa. Duk sallar da na yi sai na sa ta a addu'a, ita da iyayenta, da wanda ya kwatanta mata gidana. Tun daga nan kuma na zama mai sa ido. Duk wadda ta shigo da goyo sai na tambayi watanninsa, in ce a sauke shi in gani. Mata biyu na tura mata, ɗaya ta je, ɗaya ta daina sayen turarena. Na tambayi Malama Aminat sau da yawa yaushe Baffa zai yi tafiya, ba ta taɓa yanka mini rana ba. Takan ce mu yi na yau, tana da kyakkyawan zato.

Yana wata ashirin da ɗaya, cikin damina, ya kai sati uku yana kafa gwiwa da hannu yana gaba yana baya a wuri ɗaya, ya kasa ɗaga hannun. Wata safiya an ɗauke ruwa, ƙasa ta sha iska, aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ɗakina. Ina zaune a kujerata taku uku daga inda yake, ina tsince itacen turare a faranti. Bahijja tana can ƙarshen tsakar gida wajen rariya tana wanki. Sai faranti ya suɓuce mini ya faɗi da ƙara. Baffa ya firgita, ya taɓe baki, ya ɗaga hannu ɗaya ya ajiye a gaba. Gwiwa ta biyo. Ya ɗaga ɗayan.

Ban yi motsi ba sai da ya sauka daga tabarmar, hannunsa ya taɓa ƙasa. Sannan na miƙa hannuwana biyu na ce zo, angona, zo. Ya nufo ni yana kuka yana haki, yana zuwa yana hutawa. Ya iso daidai ƙafata, ya dafa ta da ɗan hannunsa mai ɗumi, na sunkuya zan ɗauke shi. Sai ya kewaye ni ya wuce.

Tsakar gidanmu ba wani faɗi gare shi ba, amma ya daɗe kafin ya ƙure shi. Sau biyu yana faɗuwa da haɓa, yana tashi. Bahijja ta saki wankin ta juyo, kumfa har gwiwar hannu, ba ta matso ba. Ya isa ya kama bakin zaninta ya kifa kansa a kan ƙafarta, kukan ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni.

Na ce, "Me kike jira? Wurinki ya zo."

Ta goge hannu a zani ta ɗauke shi ta rungume, a gabana, da rana tsaka. Ni kuwa na ga har yanzu hannuwana a miƙe suke, na mayar da su kan cinyata. Na ce Alhamdu lillahi, kuma har cikin zuciyata na faɗa, ko da yake sai a karo na biyu muryar ta fito.